Kafin a kai ga maganar miliyoyi: abin da iyayen jariri mai ciwon zuciya ke bin mu

A cikin jarirai ɗari da aka haifa, kusan ɗaya yakan zo da tawaya a ginin zuciyarsa. Haka abin yake a Faransa, haka yake a Indiya, haka yake a Mirya da Magarya. Nijar tana samun haihuwa sama da miliyan ɗaya a shekara, ke nan maganar dubban jarirai ake yi, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu nasu suna buƙatar a yi musu aiki kafin su cika shekara. Da yawansu ana binne su ba wanda ya san zuciya ce. Sai a ce sanyi ne ya kama ƙirjinsa, ko nonon uwar ne bai karɓe shi ba.

Waɗanda aka gano kuwa, mun san yadda lamarin ke tafiya a Damagaram. Labari ya bazu cewa ɗan wance yana da huji a zuciya, dangi su cika gida, a yi sannu, a yi addu'a, a tambayi nawa ake nema, a ji miliyoyi, kowa ya yi shiru. Daga nan sai a bar uba da uwa da takarda ɗaya rubuce da Faransanci. A ganina muna farawa ne daga inda ba mu da ƙarfi. Miliyoyin ba sa hannun yawancinmu. Amma abin da ke cinye yaran nan tun kafin a kai ga kuɗin aiki shi ne jinkiri, da rama, da takardun da ba a yi ba, kuma dangi da maƙwabta suna da ikon tare duka ukun.

Haɗarin kwanakin farko yana cikin halittar jariri. A cikin ciki huhunsa ba ya aiki, ta mabiyiya yake samun iska. Akwai wata ƴar gajeruwar jijiya da ke haɗa babbar jijiyar jiki da ta huhu, jini na bi ta nan yana kauce wa huhun. Bayan haihuwa takan tsuke cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma ga lafiyayyen yaro hakan daidai ne. Amma akwai yaran da manyan jijiyoyinsu biyu suka fito a musanye, ko hanyar huhu ta toshe, ko babbar jijiya ta ƙuntata. Su, wannan ƴar jijiyar ce ke riƙe da su. Yaro zai fito ya yi kuka, ya kama nono, a sallami uwar daga gidan haihuwa. Ranar da jijiyar ta rufe, tsakanin kwana biyu da mako biyu, sai ya juye gaba ɗaya. Abin yakan faɗo daidai makon suna, gida cike da hidima, ba ma'aikacin lafiya ko ɗaya kusa.

Saboda haka ido na farko na kaka ne, ko gwaggo, ko duk wadda ta zo zaman jego. Ita ya kamata ta san abin dubawa. Shuɗin tafin hannu da na ƙafa a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Wanda ake tsoro shi ne na harshe da dasashi da cikin leɓe, kuma a irin fatarmu nan ne ake ganinsa, a hasken rana, ba cikin duhun ɗakin jego ba. Numfashi kuma ƙirga shi ake yi: a buɗe ƙirjin yaro yana kwance shiru, a sa agogon waya, a ƙirga minti ɗaya cikakke. In ya wuce 60 a sake, in ya sake wucewa a tafi likita a ranar. Haka yaron da ke kama nono ya saki, ya kama ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi, ya yi rabin awa bai ƙoshi ba. Haka wanda ƙafafunsa suka yi sanyi, fitsarinsa ya ragu, jikinsa ya saki.

Akwai gwajin da ya kamata a yi wa kowane jariri kafin sallama. Ƴar na'ura ce, oksimeta, mai auna iskar oksijin a jini. Ana ɗaura ta a hannun dama da ƙafa ɗaya bayan yaro ya cika awa 24, ko dab da sallama in za a fita kafin nan. In ta nuna 95 zuwa sama, kuma bambancin hannu da ƙafa bai wuce 3 ba, an wuce. Ƙasa da 90, a nemo likita nan take. Tsakanin 90 da 94, a sake bayan awa ɗaya. Minti biyar ne, ba allura, ba jini. Inda ake kuskure shi ne a ɗauko irin ta manya mai matse yatsa a maƙala wa jariri, ko a auna ƙafa tana da sanyi, ko yaro na ta wutsilniya. Lambar da za ta fito ba abin dogaro ba ce, sai da ɗamarar da aka yi don jarirai. Kuma ba komai take kamawa ba: ƙuntatar babbar jijiya takan tsere mata, shi ya sa ake so ungozoma ta taɓa bugun jini a matsematsin yaron biyu. Duk ƙungiyar ƴan gari da ke Yamai ko Kano ko Libiya mai neman abin da za ta saya wa gidan haihuwar garinsu, ga shi nan.

Sauraren ƙirji da hoton ƙirji zato kawai suke bayarwa. Eko na zuciya, wato hoton motsinta da ake ɗauka da na'ura irin ta duba ciki, shi ne ke faɗin sunan ciwon, kuma sai a hannun wanda ya saba da zuciyar yara. Daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, za a tura Asibitin Ƙasa na Damagaram ko cibiyar lafiyar uwa da yaro, daga can sau da yawa sai Yamai, wajen kilomita 900, wuni guda cur a mota. Kano ta fi kusa, kamar kilomita 240, ga wanda ke da hanya a can. Mai jego ita kaɗai ba za ta iya wannan tafiya ba. A zaɓi mutum ɗaya cikin dangi, mai jin Faransanci, mai natsuwa, ya shiga da littafi da biro, kada ya fito sai ya rubuta amsar waɗannan: mene ne sunan ciwon, zai iya gyaruwa da kansa, in aiki ne zuwa wane wata ne iyakar jira, aiki ɗaya ne ko za a sake, wace alama ce in an gani a dawo ko da tsakar dare ne. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a roƙi a ba da bidiyon ekon, domin likitocin waje shi suke nema kafin su karɓi yaro.

Tambayar iyakar jira ita ce mafi nauyi, domin “huji a zuciya” suna ne da ke rufe ciwo daban-daban. Ƙaramin huji tsakanin ɗakunan ƙasa biyu sau da yawa yakan rufe da kansa. Babba kuwa yakan bayyana a mako na huɗu zuwa na takwas, ana son yin aikinsa tsakanin wata uku da shida. In an bar shi ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu, jijiyoyin huhu sukan yi tauri, kuma a daidai nan ne ake yaudarar iyaye: yaro ya rage haki, ya rage mura, kowa ya ce ya samu sauƙi, alhali ƙofar aikin ce ke rufewa. Ciwon da ake kira Fallot ana gyara shi yawanci cikin shekarar farko. Mai shi yakan yi shuɗi kwatsam in ya yi kuka ko da sassafe, kuma abin yi kafin a isa likita shi ne a rungume shi a naɗe gwiwoyinsa a manne da ƙirjinsa, a lallashe shi. Wanda jijiyoyinsa suka musanya, makonni biyu zuwa uku kawai yake da su. Yaran da aka haifa da lalurar Down, mai jinkirta girma da fahimtar yaro, kuma kusan rabinsu suna da ciwon zuciya, don haka kowannensu ya cancanci eko ko da yana shan nono lafiya.

Sai al'adun makon farko, waɗanda dole a yi maganarsu da ladabi amma a fito fili. Cire beli da tsaga suna zubar da jinin da yaron ba shi da rarar sa, kuma suna buɗe wa ƙwayar cuta hanya zuwa zuciyar da dama a raunane take. Ɗura ruwa ko jiƙo a bakin yaro mai haki yakan wuce huhu. Hayaƙin itace da turaren wuta a rufaffen ɗaki suna ƙara masa aikin numfashi. A yanka rago, a raɗa suna, a yi addu'a, amma kada a riƙa miƙa jaririn hannu zuwa hannu, domin murar da babba zai yi kwana uku da ita tana iya kwantar da shi a gadon asibiti ta ɗage aikinsa. Matashiyar uwa ba ta iya tsayawa gaban surukarta ta ce a'a. Aikin uban ne, ko wansa, ya durƙusa ya ce, “Inna, likita ya ce jininsa bai kai ba, a yi haƙuri a bar wanzami a kan wannan yaron.”

Ciyarwa ce babban aikin watannin jira, kuma nan ne taimakon gida ya fi tasiri. Zuciyar da ke aikin ninki tana ƙona abinci fiye da ta kowa, ga shi kuma tsotson kansa yana gajiyar da yaron. Lafiyayyen jariri yana ƙara giram 20 zuwa 30 a rana a watannin farko. Wannan kuwa sai ya yi mako uku a kan nauyi ɗaya. Likitan tiyata yana duba nauyi kafin ya sa rana, kuma ramammen yaro ya fi daɗewa a kan na'urar numfashi, rauninsa ya fi jinkirin warkewa. Dabarar ita ce kaɗan-kaɗan, akai-akai: duk awa biyu zuwa uku, dare da rana, a tashe shi in yana barci, a ɗan ɗaga kansa. In ya kai minti 20 zuwa 30 yana fama, a tsaya, uwa ta tatsi sauran a kofi mai tsabta a ba shi da kofi ko sirinji a hankali, a gefen baki. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa huɗu a ajiye ba firij, a zafin Afrilu da Mayu ma kada ya kai haka. In likita ya ce a sa siririn bututu ta hanci zuwa ciki, a yarda; iyaye da yawa suna ɗaukar bututun alamar ƙarshe, alhali shi ne ke kai yaro ga nauyin aiki. A auna shi duk mako a sikeli ɗaya, ba kaya a jikinsa, a rubuta. Macen da ke shayarwa sau goma a wuni ba za ta iya daka, da wanki, da bin layin ruwa irin na garin nan ba. Wanda ke son taimako ya ɗauke mata waɗannan, ya ɗauki yayyen jaririn, ya tabbatar ita ma ta ci ta ƙoshi.

Magani ma yana da tarkonsa. Furosemid, wanda ke rage ruwa a huhu, yawanci ƙwaya mai miligiram 40 ake samu, alhali jariri mai kilo uku abin da ake rubuta masa yakan kasance wajen miligiram 3, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar. Gutsura da farce ba awo ba ne. Kada a bar kanti ko asibiti sai an nuna wa mutum biyu na gidan yadda ake jiƙawa da inda za a tsaya a jikin sirinji. In yaro ya kamu da zawo ko amai yana kan wannan magani, ruwan jikinsa zai ƙare da sauri, a kira likita a ranar. Mai shan digoksin, maganin ƙarfafa bugun zuciya, in ya fara amai ko ya ƙi nono, a tsaya a tambaya kafin a ba shi na gaba, kuma ba a sake ba da shi don an ga ya amayar. Awon magani yana bin nauyi, don haka a je da takardar duk ranar awo. A sayi sabo tun saura mako guda tsohon ya ƙare. Allurar rigakafi da gidan sauro kuma suna nan daram, sai in likita ya ce a ɗage.

Takardu aiki ne na kawu ko baffa, kuma tun makon farko ake fara shi. Ba takardar haihuwa, ba ta ɗan ƙasa. Ba ta ɗan ƙasa, ba fasfo. Ba fasfo, ba jirgi. Doka ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, in an wuce sai ta kotu, wata tafiyar ke nan. Uwa ma ta mallaki nata. A yi gwajin rukunin jini da na amosanin jini, wato sikila, domin za a tambaya. An sha samun gurbin aiki ya kuɓuce wa yaro saboda fasfo.

Yanzu kuɗin. Aikin zuciyar jinjiri yana buƙatar na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, da jini, da ɗakin kulawa ta musamman, shi ya sa yawanci sai an fita waje: Tunisiya, Maroko, Indiya, ko cibiyar Cuomo da ke asibitin Fann a Dakar. Ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda likitar tiyata Francine Leca ta kafa a 1996, tana kai yara Faransa su zauna a gidajen masu riƙo ba tare da iyayensu ba, kuma ta daɗe tana ƙiyasta kuɗin yaro ɗaya a kan Yuro 12,000, kusan sefa miliyan 8. Wannan hanya ta ƙara wuya tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024. Shawarata ga dangi: kada a sayar da gona ko shanu sai an riƙe takardar asibitin da ya karɓi yaron, da sunan ciwon, da lissafin kuɗi a rubuce. Dillalin da ya ce a ba shi rabi ya nemo gurbi, a guje shi. In za a tara gudummawa, a sa ta wuri ɗaya, mutum biyu amintattu su riƙe, a rubuta shiga da fita ko dala ɗari ce, a sanar da masu bayarwa. A sa kuɗin mota da masauki da magani da ekon bayan aiki cikin lissafi. Kuma kada a watsa hoton jariri tsirara a WhatsApp da Facebook ba da yardar uwarsa ba.

Akwai nauyin da ya fi na kuɗi, shi ne zargi. Zuciya tana gama ginuwa cikin makonni takwas na farkon ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da shi ba. A mafi yawan yaran ba a gano dalili. Abubuwan da aka sani suna ƙara haɗari su ne ciwon suga da ba a kula da shi ba, baƙon dauro na rubela a farkon ciki, wasu magungunan farfaɗiya, da auren zumunci na kusa, wanda na ɓangare biyu ne, ba na mace kaɗai ba. Fita da magariba, ko abin da ta ci, ko kishiya, ba su cikin lissafi. Ma'auratan da suka haifi irin wannan yaro, haɗarin maimaituwa wajen kashi 2 zuwa 3 ne cikin ɗari. A ciki na gaba matar ta gaya wa ungozoma, a yi mata eko tsakanin mako 18 da 22. Macen da ake wa habaici ba ta barci, nononta ya ragu, yaron ya rame. A lura da ita: in ta daina ci, tana kuka kullum, ko ta ce rayuwa ta ishe ta, ita ma tana buƙatar likita. Uban ma a riƙa tambayarsa, domin shi kan haɗiye nasa ne.

In Allah ya sa an kai ga aiki, a shirya iyaye tun kafin su shiga ɗakin. Za su ga yaro a kumbure, bututu a baki, bututai na fitar da ruwan jini daga ƙirji, siraran wayoyi, wani lokaci ma a bar ƙirjin a buɗe ƙarƙashin rufi na kwana biyu ko uku har kumburi ya sauka. Duk wannan cikin tsarin aikin yake. Uwa ta ci gaba da tatsa sau takwas a wuni don kada nono ya ƙafe. Bayan an dawo gida, ƙashin ƙirjin da aka ɗaure da waya yana buƙatar mako shida zuwa takwas. Ba a ɗaga yaro ta hammata, sai hannu ɗaya a ƙeya ɗaya a ɗuwawu, kuma goyo ya jira izinin likita domin zani yana matse ƙirjin da bayan uwa. Ba a shafa toka ko man shanu a ɗinki. Zazzaɓin da ya kai 38, ko ja da ruwa a raunin, ko dawowar haki, a koma likita, kada a fara da maganin sauro na kanti.

Akwai kuma yaran da ba za a iya yi wa aiki ba, ko don irin ciwon, ko don lokaci ya wuce. Iyayensu suna da haƙƙin a gaya musu gaskiya cikin tausayi, a zaune, da harshen da suke ji, kafin su karyar da jarinsu. Kuma “ba aiki” bai soke kulawa ba: akwai maganin rage haki, akwai ciyarwa, akwai zuwa dubiya har bayan an daina maganar yaron a unguwa.

Hukuma kuma tana da nata. Tun 2006 aka ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, amma yaro mai ciwon zuciya yana cin karo da iyakar wannan alkawari tun daga kuɗin motar Yamai. Jiha mai yawan jama'a kamar Damagaram ta cancanci oksimeta ta jarirai a kowane gidan haihuwa, da likitocin yara da aka horar kan ekon zuciya masu iya tura bidiyo ga ƙwararru ta intanet, da maganin prostaglandin da ke riƙe ƴar jijiyar nan a buɗe, tare da firij da famfon ɗura shi da ma'aikacin da zai tsare numfashin yaron, domin maganin kan sa numfashi ya tsaya. Mafi araha duka shi ne rajista: littafi ɗaya a asibiti mai ɗauke da sunan kowane yaro mai jira, da ciwonsa, da nauyinsa na ƙarshe, da watan da jiransa zai ƙare, da lambar waya biyu, ta uba da ta wani ɗan'uwa mazaunin gari. Sannan a ɗora wa ma'aikaci ɗaya alhakin kiran kowane gida sau ɗaya a wata, domin ranar da gurbi ya samu a san inda yaron Tanut ko na Gure yake, da kilo nawa ya kai.